Inshorar Lafiya: Wajibi Ba Ya Tabbata Sai da Iko

Lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa a watan Mayu na 2022, wadda ta shafe tsohuwar dokar 1999, ta kuma wajabta shiga inshora a kan kowane mazaunin Nijeriya, jama'a da dama sun yi maraba da ita, domin a ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa wajen neman magani daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. Manufar dokar kyakkyawa ce, babu mai musu. Amma fa malamanmu na fiƙihu sun daɗe da karantar da mu cewa ba a ɗora wa bawa taklifi sai da istiɗa'a, shi ya sa aikin Hajji, duk da kasancewarsa rukuni, bai hau kan wanda ba shi da guzuri ba.

Dokar ta tuna da miskinai, ta tanadar musu asusu na musamman. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana da tsarinsa tun 2005. Mawadaci kuwa ko an yi doka ko ba a yi ba, asibitin kuɗi yana hannunsa. Wanda aka bari a tsaka mai wuya shi ne magidanci mai rufin asiri, kamar tela, da direba, da malamin makarantar kuɗi, da mai ɗan tebur a Kantin Kwari, wanda talaucinsa bai kai a rubuta sunansa cikin mabuƙata ba, wadatarsa kuma ba ta kai ya biya wa mutum goma kuɗin shekara a zama ɗaya ba, balle yanzu da janye tallafin man fetur a 2023 ya ɗaga farashin hatsi da na magani baki ɗaya.

Hatta ma'aikacin da ake ganin ya dace, tsarin bai san kowa a gidansa ba sai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba, alhali kuwa gidan Bahaushe sau da yawa yana da uwargida da amarya, da 'ya'ya takwas, da gyatuma mai hawan jini, da marayun ɗan'uwa, dukkansu nafaƙarsu a wuyan mutum guda. Idan kuma bayan ya biya ya kai yaro asibiti, mai ba da magani ya miƙo masa takarda ya ce, "Babu wannan, je ka saya a waje," to an haɗa masa hasara biyu.

Shawarata ga hukumar tarayya da takwarorinta na jihohi ita ce su ƙayyade kuɗin gwargwadon samun gida, maimakon ƙidaya kawuna. Su yarda a riƙa biya wata-wata ta hannun ƙungiyoyin sana'a, manomi kuma da kaka. Su buɗe ƙofar takaful ga masu shubuha game da halaccin inshora. Gwamnati kuwa ta cika alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Muddin ba a yi haka ba, wajabcin zai tsaya a takarda, magidanta kuma za su ci gaba da sayar da tumaki da cin bashi a ƙofar asibiti.