Daktocinmu na tarihi da zamantakewa na zaune, ga Bakolori na jiran mai bincike

Duk shekara jami'o'in Sakkwato da Zariya da Kano suna yaye 'ya'yan Zamfara da digirin digirgir a fannin tarihi, kimiyyar siyasa, nazarin zamantakewa ko harshen Hausa. A yi walima, a fara kiran mutum Dakta. Bayan wata shida sai a same shi a Maradun ko Bakura yana koyarwa a makarantar kuɗi kan albashin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, yana jiran ranar da wata jami'a za ta buɗe gurbi.

Ba Zamfara kaɗai ke da wannan matsala ba. A 2012, da kamfanin Dangote ya nemi direbobin manyan motoci masu takardun jami'a, an ruwaito cewa shida daga cikin masu nema suna da digiri na uku. Abin da ya bambanta Zamfara shi ne, da wuya a samu jihar da ta fi ta buƙatar irin waɗannan masana.

Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda ke kan Gulbin Sakkwato tsakanin Maradun da Talata Mafara, ta isa misali. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta daga 1974 zuwa 1978. Ruwa ya ci gonaki da gidaje, aka tashi dubban mutane, biyan diyya ya zo da gardama. A watan Afrilun 1980 manoma suka tare hanyoyin aikin, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce 'yan gommai ne suka mutu, masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Injiniyoyi sun yi aikinsu, madatsar na nan tsaye har yau. Abin da ya rushe shi ne ɓangaren da ya shafi mutane: wa ke da gona, yaya ake gadonta, me zai faru da masu noman fadama da masunta da ke ƙasan gulbi idan ambaliyar damina ta daina zuwa. Waɗannan tambayoyi ne na masanin zamantakewa, kuma ba a saurare shi ba sai da jini ya zuba.

Su wa suka rubuta wannan labari? Cikin sunayen da aka fi ambata akwai Björn Beckman ɗan ƙasar Suwidin da Okello Oculi ɗan Yuganda, waɗanda suka koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, da William Adams ɗan Ingila, wanda ya yi nazarin illar madatsar ga manoman ƙasan gulbi. Sun yi aikin da ya cancanci yabo. Amma yau, shekara fiye da 40 bayan nan, jikokin waɗanda aka tasa daga gonakinsu sun yi karatu har ƙarshensa. Babu dalilin da zai sa a ci gaba da jiran baƙo ya zo ya faɗi inda ɗaki ke yoyo alhali ga mai ɗakin.

Haka abin yake game da ta'addancin 'yan bindiga. Tun daga sace ɗalibai mata 279 a Jangebe cikin Fabrairun 2021 zuwa harajin da ake ɗora wa ƙauyuka kafin a bar su su yi noma, ƙungiyoyi a Abuja da Turai suna ta fitar da rahotanni. Sau da yawa ɗan yankin ne ke hawa babur ya shiga ƙauye, ya yi hira da mutane, ya fassara, a sallame shi da kuɗin kwana goma, rahoto ya fito babu sunansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Alhali laccar da Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya gabatar a Satumbar 2021 kan 'yan bindigar Zamfara ta nuna abin da mai jin harshen mutane kuma ya san daji zai iya tonowa. Tun kafin shi, Dakta Garba Nadama ya rubuta kundinsa kan tarihin daular Zamfara a 1977, kuma har yanzu ɗalibai na komawa gare shi.

Tushen matsalar shi ne an ɗaure bincike a ƙafar aikin koyarwa. Tallafin bincike na asusun TETFund ta hannun manyan makarantun gwamnati yake bi, saboda haka wanda bai samu gurbi ba, ba shi da ƙofar nema. Al'adar ɗaukar sabon dakta na shekara ɗaya ko biyu don ya yi bincike zalla, wadda ta zama ruwan dare a Turai da Afirka ta Kudu, ba ta kafu a jami'o'in Najeriya ba.

Wani zai ce jihar da ke fama da ƙarancin likitoci da malaman lissafi ba ta da kuɗin ciyar da masu nazarin tarihi. Maganar tana da nauyi, sai dai binciken zamantakewa ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje na biliyoyi. Albashi ne, da kuɗin mota, da na'urar naɗar murya. Kuɗin motar alfarma guda ɗaya ta jami'in gwamnati zai iya riƙe masu bincike da dama har shekara.

Mafita ta farko tana hannun Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara da Jami'ar Tarayya ta Gusau. Su kafa cibiyar nazarin Bakolori da rayuwar karkara, su riƙa ɗaukar sababbin daktoci na wa'adin shekara biyu ta hanyar gasa a fili, ba da takardar ɗan siyasa ba. Aikin farko shi ne naɗar muryoyin dattawan da suka ga 1980 da idonsu kafin ƙasa ta rufe su. Ya kamata kuma duk aikin raya ƙasa, irin gyaran Bakolori da Bankin Duniya ya tallafa, ya ware kaso ga masu binciken yankin, a sa sunansu a rahoto, a kuma tanadi kariyarsu.

Ta biyu tana hannun daktocin da kansu. A Yamai, masana sun kafa cibiyar LASDEL a 2001, tana karɓar aikin bincike kan lafiya, shari'a da mulkin ƙananan hukumomi, tana kuma horar da matasa. A Zariya, marigayi Dakta Yusufu Bala Usman da abokansa sun kafa CEDDERT. Mutum biyar masu digiri na uku a Mafara za su iya yin rajistar irin wannan, su nemi tallafin CODESRIA da ke Dakar ko IFRA da ke Ibadan, su riƙa zuwa Arewa House da Gidan Mambayya. Hakan na buƙatar su koyi rubuta takardar neman tallafi, su fitar da maƙala daga kundinsu, su kuma iya taƙaita shafi 300 zuwa shafi huɗu da kwamishina zai karanta, har ma da Hausa don manomi ya ji abin da aka gano a kansa.

Shaidun 1980 suna ƙarewa, ƙauyukan da aka tasa yau su ma babu mai rubuta labarinsu. Idan jihar ta bar masananta suna zaman jira, wani ne zai sake rubuta mata tarihinta, kuma ita za ta biya kuɗin littafin.