Masu tirikin, gaggawa ce ke kashe muku tuwis 🧵

1/ Masu tirikin da masu alkafura, ku matso. Na san wasu za su ji haushi, amma sai na faɗa: yawancin waɗanda ful ko kok ɗinsu ya ƙi zama suna da ƙarfin yi. Gaggawa ce matsalarsu. Suna fara murɗa jiki tun ƙafa ba ta gama tura ƙasa ba. Ku biyo ni.

2/ Ga wanda bai san harkar ba: tirikin wasa ne da ya haɗa shurin taikwando, wushu da kapuwera da alkafurar 'yan jimnastik. Daga gasannin karate na Amurka irin na NASKA ya taso, intanet ta yaɗa shi duniya a farkon shekarun 2000.

3/ Tuwis shi ne juyin katantanwa da kake yi kana tsakiyar alkafura. Ful: alkafurar baya da tuwis ɗaya cikakke, digiri 360. Kok: ka tashi da ƙafa ɗaya, ka wurga ɗayar sama, ka murɗa. Bi-tuwis: jikinka a kwance cikin iska kake juyawa.

4/ Mu fara da lissafi kaɗan, kar ku gudu 😅 Idan tsakiyar jikinka ya tashi santimita 30, kusan rabin daƙiƙa kake da shi a iska. Santimita 50, daƙiƙa 0.64. Santimita 60, daƙiƙa 0.7. Iya jarinka ke nan. Cikinsa za ka yi alkafura, ka yi tuwis, ka nemo ƙasa da ido.

5/ To me ke faruwa idan ka yi gaggawa? Kafaɗa da kai sun juya gefe tun gwiwa da ƙugu ba su gama miƙewa ba. Ƙarfin da ya kamata ya kai ka sama ya tafi gefe. Ka tashi ƙasa-ƙasa, a karkace, lokacin ya ragu. Sai ka ce "bari in ƙara ƙarfi", ka ƙara murɗawa da wuri, abin ya ƙara lalacewa.

6/ Abu na biyu: da zarar ƙafarka ta bar ƙasa, jimillar juyin da ka ɗauko ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Babu abin da za ka tura a sama. Abin da ya rage maka shi ne yadda za ka raba shi da yadda za ka tsuke jikinka.

7/ Fred Yeadon na Jami'ar Loughborough a Ingila ya daɗe yana nazarin wannan. Abin da aikinsa ya nuna: kana cikin alkafura, idan ka sauke hannu ɗaya ka bar ɗaya a sama, jiki zai ɗan karkace, wani kaso na juyin alkafurar ya koma tuwis. Ma'ana, ana iya fara tuwis bayan an bar ƙasa.

8/ Kun ga abin da wannan ke nufi? Alkafura mai kyau ita ce asusun da tuwis ke cira. Wanda alkafurar bayansa ke sauka da kyar, gwiwa kusan a ƙasa, asusunsa babu komai. Daga ina zai ciro digiri 360?

9/ Ko mage ta san wannan. A 1894 wani Bafaranshe, Étienne-Jules Marey, ya ɗauki jerin hotunan mage tana faɗowa da baya. Ba ta tura komai ba, lanƙwasa jiki kawai ta yi ta juya ta dira da ƙafa. Ita ba ta firgita a iska, mu ne ke firgita.

10/ Saurin tuwis kuma daga tsukewa yake zuwa. Hannu a buɗe, juyi a hankali. Ka janyo su ƙirji, ƙafafu a haɗe, ciki a ɗaure, saurin yana iya ninkawa. Amma wanda ya tsuke tun daga ƙasa ba shi da abin janyowa. Ka tashi a buɗe, ka rufe a sama, ka sake buɗewa don birki.

11/ Wani zai ce: "Malam, ai kok da bi-tuwis daga ƙasa ake ɗauko tuwis ɗinsu." Gaskiya ne, ban musa ba. A tirikin tsallen gajere ne, dole a ɗauko wani kaso daga ƙasa. Maganata a kan jeri ce: ƙafar wurgawa ta wuce, ƙugu ya tashi, ƙirji ya kalli sama, sannan hannu ya naɗe.

12/ Wani kuma zai kawo Simone Biles, da ta yi alkafura 2 da tuwis 3 a tsalle ɗaya a 2019. Ka je ka kalli bidiyon a hankali, ka ga tsayin da take kaiwa. Kuma a kan dandamali mai sifirin take, bayan gudu. Kai kana kan yashi. Tunda jarinka bai kai nata ba, kai ne ya fi kamata ka yi tattali.

13/ To me za a yi? Na ɗaya: zaɓi gefe ɗaya ka tsaya a kai. Galibin masu tirikin hagu suke juyawa, amma ba dole ba ne. Yi tsallen 360 a tsaye ta gefe biyun, wanda ka fi dira daram shi ne naka. Mai juyin hagu a kok da ƙafar hagu yake tashi, dama yake wurgawa.

14/ Na biyu: hau matakala ɗaya-ɗaya. Alkafurar baya a dunƙule, sannan a miƙe, sannan rabin tuwis, sannan ful. Kafin kok, ka iya wannan tashin na ƙafa ɗaya ba tare da tuwis ba har ya zama wasa. Ma'aunina: in ba ka dira 9 cikin 10 a tsaye ba, ba ka gama da matakin ba.

15/ Na uku: wayarka ita ce kocinka na biyu. Wayoyi da yawa suna ɗaukar hoto 120 ko 240 a daƙiƙa. Ajiye ta a gefe, nemo hoton ƙarshe da yatsun ƙafarka ke taɓa ƙasa. Gwiwa ta miƙe? Ina kai ya kalla? In haɓa ta riga ta kai kafaɗa, ka kama ɓarawon.

16/ Na huɗu: ido a buɗe. Ka ga ƙasa kafin ka taka ta. Wanda ke rufe ido yana tuwis, sa'a yake nema.

17/ Yanzu maganar da ta fi duka. Idan ka dira tuwis bai ƙare ba, tafin ƙafa ya kafe a ƙasa, jiki yana ci gaba da juyawa, gwiwa ce ke biyan bashin. Haka jijiyar ACL ke tsinkewa. Bayan tiyata, komawa wasa kan ɗauki wata 9 zuwa shekara. Ka lissafa kuɗi, ka lissafa zangon karatu.

18/ Don haka sabon tuwis ba a koyonsa a kan siminti ko intalok, komai kyan wurin a TikTok. Yashi mai laushi, ciyawa ko katifu, da wanda ya iya tarewa a gefenka. In ka gaji, ka tashi. Gwajin "na ƙarshe" bayan ƙafa ta mutu shi ne ya fi kayar da mutane.

19/ Ni a wurina ful ɗaya mai tsayi, wanda aka dira ba tangaɗi, ya fi dabul da aka ƙarasa da gwiwa a ƙasa, ko da dabul ɗin ya fi tara masu kallo. Kuma mai ful ɗin shi zai riga kaiwa dabul na gaske.

20/ In kana da abokin da kok ya ƙi masa tun bara, tura masa. Wanda bai yarda ba kuma ya sauke bidiyonsa a ƙasa, mu tsayar da shi a hoton tashi mu duba tare 🤝