Kufan Surame Darasi Ne Ga Mazauna Kurmi

'Yan'uwa mazauna Ikko, Badun, Fatakwal da sauran biranen Kudu, yau muna so mu ja hankalinku zuwa ga wani kufai da ke yankin Binji cikin Jihar Sakkwato, wato Surame.

Masana tarihi sun nuna cewa Muhammadu Kanta ne ya kafa wannan birni a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, saboda saɓani kan rabon ganimar yaƙin Agadas. Kanta ya kewaye Surame da ganuwar duwatsu, alhali galibin biranen ƙasar Hausa da ƙasa aka gina tasu. Daga nan ne Kabi ta yi ƙarfi har ta kara da Barno. Amma wajen 1700 sarakunan Kabi suka tashi suka koma Birnin Kabi. Da sarauta ta tashi, kasuwa ta bi ta, jama'a suka watse, daji ya cinye gari. Gwamnati ta sa kufan cikin kayan tarihin ƙasa a 1964, aka kuma shigar da shi jerin share fage na hukumar UNESCO a 2007. Duk da haka, mutum nawa ne cikinmu ya taɓa zuwa ya gani?

A gwada wannan da unguwar Tunga ta Minna. Sunanta kaɗai ya isa shaida, domin tunga a bakin Bahaushe ɗan ƙaramin mazauni ne. Jirgin ƙasa ya raya Minna, aka mai da ita babban birnin Jihar Neja a 1976, ga Tunga yau cikin gari sosai. Ashe dai mutane ne ke riƙe gari, su da abin da ke kawo su.

To, mu da muka bar garuruwanmu muka zo neman abinci, wane ne zai riƙe su? Wani zai ce ai ciki ne ya kore mu, kuma adana kufai aikin hukuma ne. Haka ne, amma hukuma takan kula da abin da masu shi suka nuna sun damu da shi. 'Ya'yanmu da aka haifa a Agege ko Sabon Badun sun san kowace tashar mota, kaɗan ne suka san Kanta.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa da ƙungiyoyinmu na Kudu su riƙa kai yara gida lokacin hutu, a nuna musu ganuwa da kufayin kakanninsu, dattawa su ba su labari, a rubuta. Wanda Allah ya hore wa kuma ya gina rijiya, makaranta ko rumfar kasuwa a garinsu, don matasa su sami dalilin zama. In muka yi sake, jikokinmu za su riƙa nuna garuruwanmu da yatsa kamar yadda ake nuna Surame yau. Allah ya kiyaye.