Iya Ruwa Fidda Kai: Abin da Labulen Hoto Ke Zama Idan Ya Nutse

Duk wanda ya taɓa shiga shagon mai hoto ya san labulen da ake ratayewa a bayan mutum. Ba ya motsi, ba ya cutar da kowa, aikinsa kawai ya rufe bango ya fito da fuska. Da irin waɗannan yadudduka masu zane Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, ya yi sunan da ya kai hotunansa manyan gidajen fasaha na duniya. Yanzu kuwa masu hoto sun fara nutsar da wannan labule a tafkin ninƙaya, domin a ɗauki amarya ko mai tallar tufafi tana shawagi a ƙarƙashin ruwa. Ra'ayina a kan haka shi ne: da zarar labule ya nutse, ya tashi daga kayan ado ya koma abin da ke iya riƙe mutum a inda ba a numfashi. Don haka bai kamata a saukar da shi ba sai an tsara yadda wanda za a ɗauka zai fito, an kuma ajiye mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai sa masa ido.

Ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa tsohuwar sana'a ce. A 1893 wani masanin halittun ruwa Bafaranshe, Louis Boutan, ya ɗauki hotuna a cikin teku a Banyuls-sur-Mer da ke kudancin Faransa. Daga ƙarshen shekarun 1930 Bruce Mozert ya riƙa shirya mutane kamar suna girki ko yankan ciyawa a ƙarƙashin ruwan Silver Springs a jihar Florida ta Amurka. Ruwan can garai-garai yake, tsiro da yashinsa ma sun ishi hoto ado. Tafkin otal kuwa abin da ke cikinsa shi ne tayil mai shuɗi, da tsanin ƙarfe, da fitilun bango, da ramukan magudana. Babu amaryar da ke son waɗannan a bayanta, shi ya sa ake neman abin rufe su.

Akwai kuma dalili na ilimin haske. Ruwa yana shanye launin ja kafin sauran launuka, idan haske ya yi tafiyar kimanin mita 5 a cikinsa sai ka tarar kusan babu sauran ja. Shuɗin tayil kuma yana ƙara mayar da haske mai shuɗi a kan fata, har mutum ya fito kamar mara lafiya. Baƙin yadi yana shanye wannan haske, ya bar fitilar mai hoto ta fito da ainihin launin jiki da na tufa. Sannan saboda ɓarɓashin da ke yawo a ruwa yana dusasar da hoto, dole mai ɗauka ya matso kusa, ya yi amfani da gilashin kyamara mai faɗin gani. Irin wannan gilashi yana kwaso duk abin da ke baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Ke nan ƙaramin yadi ba zai yi ba, sai mai mita da yawa, daga saman ruwa har ƙasan tafki. A nan haɗarin ya samo asali.

Babban yadi a cikin ruwa ba ya tsayawa yadda aka ajiye shi. Iska tana maƙalewa a ƙarƙashinsa ya kumbura kamar tanti, motsin ƙafar mai ninƙaya kaɗai ya isa ya janyo shi gaba. Na auduga yana shan ruwa ya yi nauyi, rininsa kuma na iya zuba idan ya gamu da sinadarin kulorin, abin da ya sa masu sana'ar suka fi son foliyesta. Kowanne aka zaɓa dai, wanda yadin ya nannaɗe wa ƙafa da ruwan da ke bayan yadin zai yi kokawa, ruwa kuwa mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya da zurfin mita ɗaya nauyinsa kilo 1,000 ne.

Saboda haka kafa labulen yana da ƙa'ida. A wanke shi tukuna a ga ko yana zuba. A jiƙa shi sosai, a saukar da shi a hankali daga bakin tafki yadda iska ba za ta shiga ƙarƙashinsa ba. A danne samansa a waje da buhunan yashi, a zura bututu mai nauyi a cikin kalmasar ƙasansa, a miƙe shi tsaf ya manne da bango, kada a bar sararin da mutum zai iya shiga ta baya. Kada igiya ko ɗaya ta ratsa wurin da za a yi iyo. Wanda ake ɗauka ya kasance a tazarar da hannunsa, da ƙafarsa, da jelar rigarsa ba za su taɓa yadin ba. Kafin duk wannan kuma a kashe injin da ke zagaya ruwa.

Maganar injin ba ta wasa ba ce. A 2002 wata yarinya 'yar shekara 7, Virginia Graeme Baker, jikar tsohon sakataren harkokin wajen Amurka James Baker, ta rasu bayan magudanar wani kwamin wanka ta zuƙe ta ta riƙe a ƙasa. Rasuwarta ce ta haifar da dokar da aka sa wa hannu a Disamban 2007, wadda ta wajabta wa tafkunan jama'a a Amurka sa murfin magudana da ke hana irin haka. Magudanar da za ta riƙe jikin mutum ba za ta sha wuyar zuƙe yadi ba, tare da duk abin da yadin ya nannaɗe. Haka ma tufafin jiki. A watan Agustan 2012 wata sabuwar amarya ta nutse a wani kogi a lardin Kwibek na Kanada yayin da ake ɗaukarta hoto, rigar aurenta ta sha ruwa ta ja ta ƙasa, mai hoton yana wurin amma ya kasa ceto ta.

Haɗarin da ya fi waɗannan ɓuya yana cikin ƙirjin mutum. Abin da ke sa mu ji dole mu shaƙi iska shi ne taruwar iskar kabon dayoksaid a jini, jiki ba ya ba da gargaɗi mai ƙarfi idan oksijin ya yi ƙasa. Wanda ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutse, don ya daɗe a ƙasa, ya kore wannan gargaɗi, yana iya suma ba tare da ya ji komai ba. Aikin hoto kuwa maimaici ne, a nutse a fito, a sake nutsewa, mai kyamara yana cewa saura ɗaya. Wanda ya suma a ruwa ba ya ihu, ba ya bugun ruwa, mintuna 4 zuwa 6 kuma sun isa ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Ga shi baƙin labule yana duhunta tafki, na waje ba ya gani sosai, mai hoto kuma idonsa na kan kyawun hoto. Jikin da ya saki yana shawagi ma, a ta cikin kyamara, kama yake da abin da ake nema.

Masu manyan finafinai sun san haka. Tafkin ɗaukar fim na Pinewood a Ingila, wanda aka buɗe a 2005, zurfinsa mita 6 ne, yana cin lita miliyan 1.2, ana ɗumama ruwansa, ana kuma aiki da ƙwararrun masu nutso da ke tsaron 'yan wasa. Za a ce ai wannan na masu kuɗi ne, ƙaramin mai hoto ba zai iya ba. Gaskiya ne ba zai gina irin wannan tafki ba. Amma ɗaukar mai ceto guda ɗaya na yini, wanda zai shiga ruwa da gilashin ido da almakashi a jikinsa, ya kuma iya farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, bai kai kuɗin akwatin da ke kare kyamara daga ruwa ba. Haka amfani da fitilu masu batir maimakon jan wayar lantarki zuwa bakin tafki. Wanda ya iya sayen kariya ga kyamararsa ba shi da hujjar hana ta ga ɗan Adam.

Wasu kuma za su ce a bar labulen gaba ɗaya, a ɗauki hoto a gaban tayil, a gyara baya a kwamfuta. Ina tare da su zuwa wani mataki. Gyaran kwamfuta yana shan wuya a kan silin gashi da yadi mai shara-shara, ba ya kuma cire shuɗin da ya riga ya hau fata cikin sauƙi, don haka labule yana da amfaninsa na gaske. Sai dai idan zaɓin ya tsaya tsakanin labule ba mai tsaro, da kwamfuta ba labule, to kwamfutar ce daidai, ko da hoton bai kai yadda ake so ba.

Wannan magana ta shafe mu, domin hotunan kafin aure sun zama ruwan dare a biranenmu, kowane sabon salo da ya bayyana a Instagram kuma ba ya jimawa bai iso ba. Tufafinmu na biki masu nauyi ne da yalwa: leshi mai duwatsu, shadda, babbar riga, mayafi mai tsawo. Ga kuma kunya. Amaryar da aka kashe wa kuɗi, ƙawaye na kallo, ba za ta yi saurin cewa ta gaji ko ba ta iya iyo ba. Mai tsaro ne zai faɗa a madadinta, kuma dole ya zama yana da ikon tsayar da aiki ko mai hoto bai so ba.

Idan kai ne mai biyan kuɗin, ko 'yarka ce ko ƙanwarka za ta shiga, tambayoyi uku sun ishe ka gane wanda kake hulɗa da shi: an kashe injin ruwa, yaya aka ɗaure labulen, kuma wa zai shiga ruwa ba kyamara a hannunsa? Mai hoton da ya amsa su ba tare da inda-inda ba ya san aikinsa. Wanda ya ce ai ruwan iya ƙirji ne, babu komai, a tattara kaya a koma shagonsa a ɗauki hoton a tudu.