Tsakanin Agadas da Dirku: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Sufuri

Mai girma Minista, wannan takarda ta fito ne daga Sabon Garin Maraɗi, inda kullum ake ɗaure kaya zuwa arewa.

A sama, tazarar filin jirgin Mano Dayak na Agadas da filin Dirku ba ta kai kilomita 600 ba. Ƙaramin jirgi mai farfela zai cinye ta cikin ƙasa da awa 2. A ƙasa kuwa kusan kilomita 650 ne cikin rairayin Tenere, babu kwalta. Mai Hilux yakan yi kwana 2 ko 3 idan ya dace, babbar mota ta fi haka, kuma sai an jira ranar da sojoji za su raka ayari. A 2017, mutum 44 ƙishirwa ta kashe a wannan hanya bayan motarsu ta lalace.

Wani zai ce ina ruwan Bamaraɗe da Kawar, yankin da Dirku take? Ai tun da aka tono zinariya a Jado a 2014, samarin Tibiri da Jiratawa suke ta kwarara can, 'yan kasuwar Maraɗi kuma na bin su da gero, man gyaɗa da kilishi, su juyo da dabino da gishirin Bilma. Kafin ɗan Sabon Gari ya ga Agadas ma, ya riga ya ci kusan kilomita 240 zuwa Damagaram, da wasu 450 ta Tanut. Idan ciwo ya kama shi a Dirku, ko rasuwa ta auku a gida, sai dai a ji labari ta wayar salula.

Abin takaicin shi ne filayen jiragen sama suna nan. An gyara na Maraɗi lokacin bikin Maraɗi Kwalliya a 2015. An sabunta na Diori Hamani a Yamai a 2019 saboda taron Tarayyar Afirka. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 a sansaninta na Agadas, ta tattara ta fita a 2024. Amma jiragen cikin gida Yamai ce cibiyarsu, kamar dai garuruwan ƙasar ba su da hulɗa da juna sai ta babban birni, wanda ke kilomita 660 daga Maraɗi, ga shi a yamma, alhali arewa aka nufa.

Roƙon mutanen Maraɗi ba babba ba ne. Suna neman layi ɗaya: Maraɗi, Damagaram, Agadas, Dirku, ko da sau ɗaya a mako, a ranar da kowa ya sani, ba a ɗage ta don babban mutum ya ari jirgin. Filin Dirku na soja ne, don haka sai ma'aikatarku ta zauna da ta tsaro a ware wa farar hula ƙofa da wurin bincike. Kujerun farko ba za su cika ba. Gwamnati ta ɗauki giɓin na shekara 2, a kuma keɓe gurbi ga marasa lafiya da ma'aikatan asibitin Bilma. Tikiti kuwa a riƙa sayar da shi a cikin kasuwa, kusa da tashoshin Rimbo da Sonef, domin can fatake suke yanke shawarar tafiya.

Wassalam.
Daga Sabon Gari, Maraɗi.