Tsohuwar Fijo Ba ta 'Yan Gwangwan Ba Ce

A unguwanni da yawa na ƙasar nan, akan ga tsohuwar mota a yashe a bayan gida ko a gindin bishiya. Tayoyinta sun sace, ƙura ta lulluɓe ta, kaji kuma sun mayar da ita akurki. Sau da yawa motar Peugeot 504 ce, wadda Hausawa suke kira Fijo. Daga ƙarshe sai a sayar wa 'yan gwangwan, su sassare ta, su auna ƙarfen a sikeli. A ganina wannan asara ce. Kamata ya yi a gyara irin wannan mota, ta koma kan hanya.

Wannan mota tana da tarihi a wurinmu. A Faransa aka fara ƙera ta a shekarar 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma an ci gaba da harhaɗa 504 a can har bayan shekarar 2000. 'Yan Nijeriya ne suka ɗaura ƙusoshinta da hannunsu. Ita ce motar manyan ma'aikatan gwamnati, ita ce kuma motar haya da take ɗaukar fasinja daga Legas zuwa Ibadan, ko daga Inugu zuwa Jos. An san ta da jure wa hanya mai gargada. Ba mamaki, domin 504 ce ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Gabashin Afirka a 1975.

Dalili na biyu ya fi muhimmanci a wurina, ni da nake malamin makaranta. Injin 504 tamkar allon karatu yake. Idan aka buɗe gaban motar, yaro zai ga kafireta, wadda take haɗa fetur da iska. Zai ga fulogi, wanda yake ba da tartsatsin wuta. Zai ga lagireto, wanda yake sanyaya ruwan inji. Komai a fili yake, hannu yana iya kaiwa gare shi. Motocin zamani kuwa, sai an haɗa su da kwamfuta kafin a san abin da yake damunsu. Ɗan koyon kanikanci da ya kwance injin Fijo ya mayar da shi, ya san yadda mota take aiki tun daga tushe.

Wasu za su ce kuɗin gyaran zai fi kuɗin motar, kuma tana shan mai. Suna da gaskiya a wani ɓangare. Idan tsatsa ta cinye ƙasan mota har ta huda ƙarfen da yake riƙe da ita, to a haƙura, a cire kayan da suke da amfani a sa wa wata. Amma idan jikinta da ƙwari, kayan gyara ba su gagara. Ana neman su a kasuwar Ladipo ta Legas, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano.

Inda nake da ja da masu gyara shi ne wajen tsarin aikin. Yawancinsu da fenti suke farawa, saboda shi ido yake gani. Mota ta fito tana ƙyalli, alhali birkinta ba ya kamawa. Da birki ya kamata a fara. Man birki yana zuƙar danshi idan ya daɗe, robobin da yake bi ta cikinsu kuma suna tsattsagewa. Dole a canza su duka. Sai tayoyi. Taya tana tsufa ko da ba a yi tafiya da ita ba. A gefenta akwai lambobi huɗu da suke nuna ranar haihuwarta: 2319, misali, yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Bayan haka a duba sitiyari, a wanke tankin mai, domin tsohon fetur yana yin danƙo ya toshe kafireta. Injin da ya shekara goma bai tashi ba, ba a murza masa makulli haka kawai. Sai a cire fulogi, a ɗiga mai kaɗan a ramukan, a juya injin da hannu tukuna.

Idan an gama wannan, a gyara fitilu da madubai, a sa bel a kujeru. Sannan a kai motar wurin jami'an duba lafiyar motoci, su gwada ta, su ba da takardar shaida. Mai fenti ya jira. Aikinsa ne na ƙarshe.