Wa ya bar talakan birni a ƙofar Mishan?

Ya ku 'yan'uwa na kumitocin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai.

Ana ta gunaguni a bakin kasuwa cewa 'yan Mishan sun mamaye unguwannin talakawa. To, mu ƙirga da yatsa. A 1924 Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram, daga nan ya kafa zango a Tsibiri kusa da Maraɗi. A 1931 Katolika sunka zauna Yamai. A 1950 anka buɗe likitar Galmi, a 1956 ta kutare a Danja. Duk wannan ƙarƙashin tutar Faransa anka yi shi, kuma babu wanda ya tambayi ra'ayinmu.

Amma ranar 3 ga Agusta 1960 ƙasa ta dawo hannunmu. Daga wannan rana, laifin wa?

Farin 1973 da na 1984 sun koro manoma da makiyaya zuwa birane, sun kafa bukkoki a gefen gari. Wa ya je musu da tiyar hatsi? A Kara-Kara ta Damagaram, inda anka ware kutare, sau nawa manyan gari sunka taka ƙafa? Attajirin da ke zuwa Makka shekara-shekara, ya san ƙofar macen da yoyon fitsari ya raba da mijinta? A Danja ake ɗinke ta.

Ga 'yan Mishan maganarmu a fili take. Wanda ya wanke gyambon ɗan'uwanmu, mun gode masa, ba mu jin kunyar faɗi. Amma magani daban, wa'azi daban. Mai jin yunwa ba shi da bakin cewa a'a. Duk wanda ya ɗaura sharaɗin shiga addini ga buhun gero ko kujerar lakkol, ciniki ya yi da wahalar mutane, kuma za mu tona shi, ko daga Amurka ya zo ko daga ƙasashen Larabawa.

Ga masu ashana da fetur kuwa, maganarmu ta fi zafi. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, anka cinna wa majami'u wuta a Damagaram da Yamai. Mutum 10 sun mutu, majami'u 45 sun ƙone a Yamai kaɗai. Jaridar tana Faransa wutar ba ta same ta ba, waɗanda sunka kwana cikin toka maƙwabtanmu ne. Kirista ɗan Tsibiri lanho ɗaya yake biya da mu, fari ɗaya ke cinye gonarsa da tamu. Ɗan ƙasa ne cikakke. Kuma da wutar ta mutu, wane maraya ya ƙoshi? Tabarmar kunya ce anka naɗe da hauka.

Jama'a, an ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamnati ta karɓi lanho, 'yan siyasa sun karɓi ƙuri'a, mawadata sun ci gumin 'yan dako da 'yan ga-ruwa. Askin ya rataya a wuyansu, da namu.

Don haka kowane kumiti ya yi abu uku kafin kasuwa mai zuwa. Na ɗaya, a bi unguwa gida-gida a rubuta marasa lafiya, marayu da tsofaffin da ba su da mai ci da su. Na biyu, a kai takardar gaban magajin gari, a nemi famfo da ɗakin magani, a koma kowane mako har ya amsa. Na uku, a tunkari masu fitar da zakka, a nuna musu ƙofofin da ta kamata ta shiga. Wanda kuma ya zo da zancen ƙone-ƙone, a kore shi daga taro.

Ƙasar da ba ta ɗauki nauyin talakanta ba, 'yancinta bai cika ba.

Talaka namu ne! Aiki ya rage gare mu!